Ƙwan tarwada ya yi mini fari sau biyu, karo na uku 'ya'yan suka mutu a kwana na biyar

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifi. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango.

Shekara biyu ke nan ina kiwon tarwada. Sayen 'ya'ya nake yi in raine su har su isa sayarwa. Bana na ce bari in koyi ƙyanƙyasa da hannuna, don na gaji da sayen 'ya'yan da ban san iyayensu ba. Wani zubin sai ka yi wata huɗu kana zuba musu abinci, suna nan kamar an ɗaure su da igiya. Sai na ware mata shida da maza huɗu daga cikin waɗanda na raina, na ajiye su daban. Yanzu watansu goma sha huɗu.

Sau uku na gwada. Bari in zayyana muku yadda kowanne ya kasance, ko wani zai hango abin da ni ban gani ba.

Na farko ana tsananin zafi. Macen kilo 1.4 ce, na yi mata allurar Ovaprim, maganin da ke sa mace ta saki ƙwai, mililita 0.7 da ƙarfe takwas na dare. An ce mini a jira awa goma sha biyu. Da safe wani uzuri ya riƙe ni, ban koma kanta ba sai wajen ƙarfe goma. Na tarar ƙwai ya zube a ƙasan robar da take ciki. Na matse sauran, ya fito tsululu, na haɗa da maniyyin namiji, na baza a kan raga. Kafin rana ta faɗi duk ya koma fari fat. Washegari wari ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa.

Na biyu sanyi ya riga ya shigo. Saboda tsoron abin da ya faru, awa goma cif na tsaya a kanta. Na matsa cikin, ƙwan ya ƙi fita sai da na sa ƙarfi, ya fito a dunƙule har da ɗan jini. Shi ma ya yi fari. Waɗanda suka ƙyanƙyashe ba su fi a ƙirga da yatsu ba, macen kuma ta mutu bayan kwana biyu.

Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai, domin na ɗauka na haye. Ƙwan ya fito lafiya, na auna shi giram 150. Washegari da na haska fitila na ga ƙasan robar ya cika da 'yan abubuwa suna ta kaɗa wutsiya, wallahi har sai da na kira mutanen gida su zo su gani. A kwana na biyu na fara ba su gwaiduwar dafaffen ƙwai, na murje ta a ruwa. Robar mai cin lita 200 ce, kullum da safe ina kwashe rabin ruwan in zuba sabo daga rijiyar burtsatse. Kwana na huɗu na ga wasu sun taso sama sun tsaya a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa. Kwana na biyar da asuba babu ko ɗaya mai motsi.

Shin maganin ne jabu? Ko iyayen ne ba su da kyau? Yanzu mata uku suka rage waɗanda ban taɓa ba, namiji kuwa ɗaya tal, tunda kowane gwaji sai na yanka ɗaya. Ba na so in yi asararsa a banza. A taimaka mini don Allah.

Baba Mai Ƙyanƙyasa:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Duk wanda ka ga yana wannan sana'a ya taɓa zubar da ruwa mai wari, in ya ce maka bai taɓa ba, bai daɗe a cikinta ba ne.

Ka cire maganin daga zargi. Maganin da ya sa ƙwai ya zube tun kafin ka taɓa kifin ai ya yi aikinsa har da ƙari.

Na karanta bayaninka sau biyu. Ka faɗi nauyin kifi, ka faɗi yawan allura, ka faɗi ƙarfe nawa, amma ko sau ɗaya ba ka faɗi zafin ruwa ba. Ina kyautata zaton ba ka da ma'aunin zafi, kuma a nan gizo yake saƙar. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa irin namu. Yadda ruwa yake haka jikinsa yake, in ruwa ya yi ɗumi komai nasa ya yi sauri, in ya yi sanyi komai ya ja baya. Awa goma sha biyun nan da aka gaya maka, wanda ya faɗa da ruwan ɗakinsa ya auna, ba da naka ba.

Ga lissafin da muka koya tun lokacin da ake allura da ƙwayar fituwitari, wato 'yar ƙwayar nan da ake cirowa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifin a niƙa. In ruwa yana digiri 25, mace tana nuna bayan kamar awa 11, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe bayan kamar awa 27. In yana 28, awa 8 ta nuna, ƙyanƙyasa ba ta cika kwana ɗaya ba. In ya kai 30, awa 7 ne, ƙyanƙyasa awa 20. In ya sauka zuwa 20 kuwa, sai ka yi awa 21 kana jira, ƙwan ya haura kwana biyu bai fashe ba. Da Ovaprim ni a wurina nakan ga ya ɗara haka da awa ɗaya ko biyu, amma tafiyar ɗaya ce.

To ka auna da naka. Karo na farko ana zafi ka bar ta awa goma sha huɗu. Ƙwan ya nuna tun kana barci, ya zauna a cikinta har ya wuce lokacinsa. Ƙwan da ya saki ba ya jira, 'yan awanni kaɗan ya lalace, ko ka kawo maniyyin da ya fi kowanne kyau ba zai kama ba. Karo na biyu ana sanyi ka je mata da awa goma, ba ta kai ba, ka fizgo ɗanyen ƙwai da ƙarfi, ka ji mata ciwo a ciki. Kuskure ɗaya ne, sau ɗaya ka makara, sau ɗaya ka yi sammako.

Ni ba na barin agogo ya yanke mini hukunci. Agogo yana gaya mini lokacin da zan fara dubawa ne kawai. Saura awa ɗaya ko biyu sai in ɗauko ta, in rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul don ta natsu, in shafa cikin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, a hankali kamar mai lallashi. In ta kai, ƙwan da kansa yake kwararowa, launinsa kore-kore mai ratsin ruwan ƙasa, yana ƙyalli, kowane ƙwaya a ware. In sai ka danna, mayar da ita ka dawo bayan rabin awa. Kana matsa kuma ka ga jini, tsaya nan, abin da ya rage ba rabonka ba ne.

Tun wajen zaɓe ma akwai abin lura. Ba kowace mai ƙaton ciki ce mai ƙwai ba, wata kitse ne, wata abincin jiya ne. Shi ya sa ake hana su abinci kwana ɗaya kafin allura. Wadda ta shirya cikinta da taushi, mafitar ta ɗan kumbura ta yi ja, in ka taɓa kaɗan 'yan ƙwayoyi su leƙo, girmansu ɗaya. Bayan allura kowace a robarta, a rufe da abu mai nauyi, don suna faɗa kuma suna tsalle.

Namijin nan naka ɗaya, kada ka kusance shi da wuƙa sai ka ga ƙwai yana zuba da idonka. Sannan ina da tambaya: a cikin me kake tatsar maniyyin, kuma minti nawa yake yi kafin ya haɗu da ƙwai? Ragar da ka baza ƙwan a kai, yaushe ka cire ta? Ba ni amsar waɗannan kafin in yi maganar 'ya'yan da suka mutu.

Malamar Kifi:

Baba ya gama magana a kan lokaci. Ni zan ɗan yi bayanin abin da allurar take yi, domin na lura mutane da yawa sun ɗauka ita ce take sa wa kifi ƙwai. Ba ta sa ko ɗaya.

Tarwada a daji tana jiran ruwan sama ne. In kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, da dare sai su fita wurin da ba zurfi, mace ta watsa ƙwai, namiji ya bi da maniyyi, ƙwan ya manne a ganye, su kama gabansu. A tanki ƙwan yana girma a cikinta har ya cika, amma matakin ƙarshe na nuna da saki ba ya zuwa, saboda ba ta ga alamun da take jira ba. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwarta, dofamin, wanda yake taka birki. A cikin Ovaprim abu biyu ne: ɗaya kwaikwayon homon ne, wato sinadarin jiki da yake ba fituwitari umarni, ɗayan kuma domferidon, mai ɗage birkin. Shi ke nan aikinta. In ƙwan bai cika ba tun asali, ko kwalba guda ka ɗura mata ba abin da zai fito sai ɓarna. Kiwon iyaye da abinci mai kyau na watanni shi ne ainihin aikin, allura buɗe ƙofa ce kawai.

Abin ma yana da tarihi mai daɗi. Bernardo Houssay na Ajantina ne ya nuna a 1930 cewa fituwitari tana sa kifi ya haihu, sai Rodolpho von Ihering da abokan aikinsa a Brazil suka mayar da abin hanyar kiwo a shekarun 1930. A Indiya, Hiralal Chaudhuri ya yi nasara da wani kifi da ake kira kaf ranar 10 ga Yuli, 1957, har yau ranar ce suke bikin masu kiwon kifi a ƙasar. Haɗin homon da mai ɗage birkin kuwa a shekarun 1980 ya fito, daga aikin Lin Haoran na Sin da Richard Peter na Kanada, shi ya sa ake ce wa hanyar Linpe, an ɗauko farkon sunayensu. Awon da ka yi, rabin mililita ga kowane kilo, daidai ne.

Sai maniyyi, tunda Baba ya taɓo. Ba a iya tatsar namijin tarwada ta matsa ciki kamar yadda ake yi wa wasu kifaye, yanayin halittarsa bai ba da dama ba, dole a buɗe shi. Wanda ya nuna za ka ga 'yan marainansa sun cika, fari kamar madara, gefensu da tsaga-tsaga. In sun yi siriri kana hango haske ta cikinsu, bai kai ba. Ƙwayoyin maniyyin a kwance suke ba motsi, ruwa ne yake tashinsu, kuma da sun tashi ƙarfinsu bai fi na minti ɗaya ba ko ɗan sama da haka. Shi ma ƙwan yana da 'yar ƙofa guda da maniyyi yake shiga, da ya sha ruwa ba ta daɗewa take rufewa. Don haka kwano a bushe, hannu a bushe, a goge jikin macen kafin a matsa. A tatsi maniyyin cikin ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda ake ƙarin ruwa da shi, a ciki ba ya farkawa. A zuba kan ƙwai, a juya da gashin tsuntsu ko cokalin roba, sannan a ƙara ruwa mai tsabta, a ci gaba da juyawa kamar minti ɗaya, a baza kafin ya fara danƙo.

Malam, namiji ɗaya mai kyau ya ishi mata biyu ko uku in ka yi musu allura tare. In an sa maniyyin a ruwan gishirin aka ajiye a firji, ban da wurin ƙanƙara, yana yin awanni da ransa.

Mai Karfasa:

Ku dai kuna son wahala, wallahi. Allura, yanka, tashin dare, ma'aunin zafi. Ni karfasata ba ta san allura ba. Namiji ya haƙa ɗan rami, mace ta zuba, ta kwashe a baki ta riƙe kusan mako biyu ba ci, ta saki 'ya'ya suna iyo. Namiji ɗaya, mata uku a cikin raga, in tafi in yi barcina.

Amma ɗan'uwa, maganar mutuwar nan, ni ina ganin cuta ce. Ka samu maganin kashe ƙwayoyin cuta na kafso ka riƙa barbaɗawa a ruwan tun ranar farko, haka na ga wasu suna yi.

Malamar Kifi:

Mai Karfasa, barcin naka ai yana ƙarewa ranar da tafki ya cika da 'yan mitsi-mitsi da ba sa girma, ka dawo kana neman yadda za ka mayar da su duka maza. Kowa da irin tasa wahalar.

Maganar kafso kuwa, don Allah a bari. Ruwan da ya ruɓe ba a gyara shi da maganin ƙwayoyin cuta. Abin da za ka samu shi ne ƙwayoyin da suka saba da maganin, ran da ciwo na gaskiya ya zo ya ƙi ji. Ruwa ba ya tsami banza, a nemo abin da ya tsamar da shi.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ka kama ni, ba ni da ma'aunin zafi, jiya na sayo. Na auna ruwan robar da asuba na samu 24, da la'asar 29. Ɗakin rufin kwano ne, ashe da rana gasa su nake yi, da dare in bar su cikin sanyi. Na rijiyar kuma in ya fito kai tsaye 28 yake nunawa.

Tambayoyinka, da kunya zan amsa. Karo na farko da na biyu, namijin na fara yankawa, na matse marainan a kofi mai ruwan rijiya, na ajiye, sannan na tafi kamo macen. Ya yi minti goma a nan ko fiye. Da na karanta bayanin Malama sai da na dafe kai. Ashe gawa nake zubawa a kan ƙwan. A karo na uku ne wani ya ce in yi da ruwan gishirin asibiti, na yi ba tare da na san dalili ba.

Raga kuwa ban cire ba sai kwana na uku. Na ga akwai sauran ƙwai da yawa a manne, na ce ko za su fashe daga baya, tausayi ya hana ni. Da na ɗaga ta, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe su. Ba ni da injin iska, ruwan kuma a tsaye yake.

Baba Mai Ƙyanƙyasa:

To ai ka ba kanka amsa, ɗana. Ba cuta ce ta kashe su ba, ruwan ne, kuma hanya huɗu ka bi ka ɓata shi.

Fara da lissafi. Giram ɗaya na ƙwan tarwada yana ɗauke da ƙwaya wajen 600 zuwa 700. Giram 150 ke nan ka haura dubu casa'in. Ko rabi ne suka fashe, ka tara rai dubu arba'in da wani abu a lita 200 na ruwan da ba ya tafiya, ba iska. Kada ganin babbar tarwada tana haɗiyar iska a sama ya ruɗe ka. Wannan gaɓar da take shaƙar iska da ita ba a haifarsu da ita, sai sun yi mako biyu zuwa uku take fara aiki. Kafin nan iskar da ta narke a ruwa ce kaɗai rayuwarsu. Tsayuwar da ka ga sun yi, kai sama wutsiya ƙasa, neman numfashi ne.

Sai ragar. Ƙwan da ya yi fari ya mutu, ba ya dawowa. Audugar da ka gani fumfuna ce, a kan mataccen ƙwai take fara kamawa ta bi ta kan mai rai. Ga ɓawon waɗanda suka fashe, duk suna ruɓewa, suna cinye iskar, suna sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi. Dabarar raga ai ita ce masu rai su zurare ta cikin huda su faɗa ƙasa, matattu su zauna a sama ka ɗauke su gaba ɗaya. In lokacin ƙyanƙyasa ya cika, ka ƙara 'yan awanni, ɗaga raga ka fitar. Ni har rufe gefe ɗaya na tankin nake yi ya yi duhu. Masu lafiya ba sa son haske, da kansu za su taru can, sai in bi ɗaya gefen da siririn tiyo in zuƙe datti da nakasassu.

Na uku, gwaiduwa a kwana na biyu. Wa ka ba? Kowannensu an haife shi da guzurinsa, 'yar jakar nan da ke rataye a cikinsa, ita yake sha kwana uku, bakinsa ma bai gama buɗewa ba. Duk abin da ka zuba ƙasa ya kwanta ya ruɓe. Kuma a cikin abin da ake ba 'ya'yan kifi ban san wanda ya kai gwaiduwa saurin ɓata ruwa ba. Sai ka ga jakar ta shanye, sun yi baƙi, sun fara yawo suna neman abu, ƙarshen kwana na uku ko farkon na huɗu, sannan ka fara. Ka fara da Atemiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri. Ƙwanta ake saya a gwangwani, a sa a ruwan gishiri da iska, kwana ɗaya ta fashe, a tace a ɗauraye a ba su. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini har da dare. Ka ɗebi 'yan kaɗan a kofin gilashi ka duba, in cikinsu ya yi launin lemo sun ci. Abin da ya sa ake fara musu da mai rai, tumbinsu bai gama ginuwa ba sai sun yi kwanaki suna ci, busasshen abinci bai cika narke musu ba. Bayan kamar mako ɗaya ka riƙa haɗawa da garin abincin kamfani mafi laushi, kana rage wancan kana ƙara wannan.

Na huɗu, canjin ruwan asuba. Suna cikin 24 ka kwashe rabi ka antaya musu mai 28 lokaci guda. Ruwan burtsatse kuma in ya fito daga ƙasa iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, sau da yawa yana da tsami. Ka tara shi a babban tanki ya kwana, ka bar shi ya riƙa faɗowa daga sama yana shan iska, ka auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya kasance tsakanin 6.5 da 8. Daga nan ya riƙa shigo musu siriri ba yankewa, yana fita ta ɗaya gefen da ka ɗaure da raga mai laushi. Ɗakin kuma ka yi masa silin ko ka lulluɓe tankin da baƙar leda da dare, ka nemi zafin ruwan ya zauna a digiri 27 zuwa 29.

In roba ɗaya gare ka, kada ka haɗa ƙwan da ya fi giram talatin ko arba'in. Na san zubar da saura da ciwo. Amma dubu goma masu rai sun fi dubu casa'in a kwata.

Malamar Kifi:

Abu ɗaya da ba a taɓo ba. Malam, ka ce matan da mazan duk daga cikin waɗanda ka raina ka ware su. In zubi ɗaya ka sayo su, to wa da ƙanwa kake haɗawa, wataƙila ma uwa ɗaya uba ɗaya. Karo ɗaya ba lallai ka ga illa ba, amma in ka sake ware iyaye daga 'ya'yansu, nan ne ake fara ganin masu lanƙwasasshen baya da marasa girma, irin waɗanda ka gudo daga saye. Tunda maza ne suka ƙare maka, ka nemo su daga wata gonar da ba ta da alaƙa da inda ka sayi naka. Ka ajiye su daban na mako biyu ka ga lafiyarsu kafin su shiga cikin naka.

Matan biyu da ka riga ka matsa kuma kada ka raina su. In suna cin abinci mai kyau za su sake cika. Ni nakan ba su wata biyu zuwa uku.

Sabon Hannu:

Salam. Na dawo da labari. Na samo maza biyu daga wani wuri, na ƙara roba ɗaya, na sayi ƙaramin injin iska. Ruwa yana 27 na yi allura ƙarfe tara na dare. Na fara dubawa ƙarfe biyar na asuba, ba komai. Shida da rabi 'yan ƙwayoyi. Bakwai da rabi ina taɓa ta ya kwararo, sai a lokacin na yanka namijin. Giram arba'in na sa a kowace roba, sauran na ba wani. Na cire raga washegari da hantsi.

Yau kwana goma sha biyu, suna nan, sun fara karɓar gari. Sai dai jiya na ga wani abu da ya tayar mini da hankali. Akwai wasu 'yan kaɗan da suka ninka sauran girma, na kama ɗaya ya haɗiye ɗan'uwansa ta wutsiya, kan yana waje. Baba, in bar su su ƙara ƙwari ne ko in taɓa su yanzu? Tsoro nake kada in kama su su mutu a hannuna.

Baba Mai Ƙyanƙyasa:

Barka, ɗana, madalla. Waɗannan su ne shuta, masu zarce 'yan'uwansu girma su riƙa cinye su, kada ka ba su ko kwana ɗaya. Ba sai ka kwashe tankin duka ba, sauran sun yi ƙanana da wannan. Gobe da sassafe kafin ka ba da abinci, rage ruwan, ka sa 'yar matata mai laushi ka tsince manyan ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da su wata roba da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na tankin. Duk bayan kwana biyu ko uku ka sake dubawa, wasu za su taso. Ka ƙara musu ci ɗaya da tsakar dare, don yawancin cin junan nan a tazarar da ke tsakanin abincin dare da na safe yake faruwa. In sun cika mako uku ka zo mu yi maganar tacewa da raba su gida-gida.